Gonar Aro Ba Ta Korar Tamowa

Wata uwa da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu a Zamfara ta kawo ɗanta asibitin da nake aiki. Da na auna damtsensa, awon ya faɗa kan ja: tamowa ce. Na ce, "Baiwar Allah, ba kwa noma ne?" Ta ce sun yi, a gonar aro. Shekara biyu maigidanta yana zuba taki, da ƙasa ta yi kyau sai mai gona ya karɓe abarsa.

A karkarar Ɗanbatta gonaki a matse suke, rabon gado ya yayyanka su. Baƙo kuwa sai aro, haya ko jingina. Wanda ba shi da tabbacin kaiwa baɗi a gona, da wuya ya sake zuba taki, balle ya dasa zogale.

Iyaye mata, muna da abin yi. Ƙungiyoyinmu na adashi za su iya kama wa irin waɗannan iyalai hayar fili kusa da madatsar ruwa ta Tomas, su yi noman rani, su tara kuɗin sayen tasu. In aro ne, a rubuta adadin shekarun a gaban dagaci da shaidu, a sa har da sunan matar. Maganin asibiti yana ƙarewa. Gero da waken gonar kai su ne ke riƙe yaro.