Yaron da ke toshe kunne a bayan aji: Yadda ake koyar da masu galahanga

A zangon karatun da ya wuce, an tura mu aikin koyarwa na gwaji a wata makarantar firamare da ke bayan gari. Mu biyu aka bai wa aji uku, ajin da ke ɗauke da yara fiye da 70. Tun ranar farko idonmu ya sauka kan wani yaro ɗan kimanin shekara 9 da ke zama a bencin ƙarshe. Da an kaɗa ƙararrawa sai ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwansa, ya riƙa rangaji gaba da baya. In an kira sunansa ba ya ɗago kai. In an tambaye shi, "Me ka ci da safe?" sai shi ma ya ce, "Me ka ci da safe?" Nan take aji ya kwashe da dariya.

Da muka bincika, kowa da abin da ya faɗa mana. Wani ya ce taurin kai ne, wata ta ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi, wani kuma ya ce mu ƙyale shi, ba ya gane komai. Bulala kam ya sha ta. Mahaifiyarsa ce ta faɗa mana gaskiyar lamarin: likita ya duba shi ya ce yana da lalurar galahanga. Ta ƙara da cewa ta gaji da ganinsa yana dawowa gida da kuka, don haka da zangon ya ƙare za ta cire shi daga makaranta.

Wannan magana ce ta mayar da mu kan littattafanmu da malamanmu na jami'a, muna neman abin yi kafin mako 12 ɗinmu su cika. Abin da muka koyo shi muka kawo muku, 'yan uwa ɗalibai, domin da wuya a rasa irin wannan yaro a makarantarku, ko a gidanku, ko a unguwarku.

Mece ce galahanga?

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma da yin aiki, kuma alamunta kan bayyana tun yaro yana ƙarami. Tana shafar yadda mutum ke magana da cuɗanya da jama'a, da yadda yake jin sauti, haske, wari ko taɓi. Da yawa daga masu ita suna son maimaita abu ɗaya, kuma sauyin ba-zata na tayar musu da hankali. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wanda ba ya magana sam, akwai mai zuba zance amma ba ya gane barkwanci. Akwai mai buƙatar kulawa har tsawon rayuwarsa, akwai wanda zai gama jami'a. Wasu kan kira masu lalurar Down da wannan suna, alhali lalurorin biyu daban suke.

Rahoton da ya fito da ita fili shi ne na Dokta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, wanda ya rubuta a 1943 kan yara 11. Yaro na farko a jerin, Donald Triplett, ya girma ya yi karatun kwaleji, ya yi aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu na kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Ba a ɗaukarta ta hanyar zama tare, kuma ba sakacin uwa ke kawo ta ba. Bincike ya nuna gado na taka babbar rawa. Allurar rigakafi ma ba ta da hannu: rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zargi a Ingila, mujallar The Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010.

A nuna, kada a tsaya ga faɗa

Magana tana wucewa da an furta ta, hoto kuwa yana nan har sai an gama kallonsa. Yawancin masu galahanga sun fi fahimtar abin da suka gani, kuma hankalinsu ya fi kwanciya idan sun san me zai biyo baya. A kan wannan aka gina tsarin koyarwa da ake kira TEACCH, wanda Eric Schopler ya jagoranta a Jami'ar North Carolina, ya kuma zama shirin jihar baki ɗaya a 1972. Tsarin na so yaro ya ga amsar tambayoyi huɗu da idonsa: wane aiki zan yi, nawa ne yawansa, ta yaya zan san na gama, sannan me zan yi bayansa?

Ba mu da kuɗin sayen kaya, sai muka yanka kwalin taliya muka zana hotuna shida: taron safe, lissafi, tara, karatu, wasa, tashi. Muka jera su a gefen bencinsa. Duk abin da aka gama, shi da kansa zai cire katin ya jefa a gwangwani. Kafin a kaɗa ƙararrawa kuma mukan nuna masa katin da ke da hotonta, don kada ta zo masa ba shiri.

A ba shi hanyar faɗar buƙatarsa

Ku ɗauka an kai ku ƙasar da ba ku jin yarenta, ga ƙishirwa, ga fitsari ya matse ku. Haka yaron da ba ya iya faɗar buƙatarsa yake wuni. Sau da yawa ihun da ake kira fitina saƙo ne da ya rasa hanyar fita.

A 1985, Andy Bondy da Lori Frost suka ɓullo da tsarin musayar hoto da ake kira PECS a jihar Delaware ta Amurka. Ana koya wa yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi abin nan take. Daga hoto ɗaya a kai ga zaɓi tsakanin hotuna, har ya iya haɗa jimla kamar "ina son ruwa". Duk lokacin da ya miƙa katin, malami zai furta kalmar, don ya ji ta tare da hoton. Mu mun fara da kati biyu kacal: ruwa da banɗaki.

A gutsura aiki, a yaba nan take

"Ku buɗe littafi ku kwafi abin da ke allo" umarni ɗaya ne a wurinku. A wurinsa ayyuka ne da yawa a dunƙule: ciro littafi, nemo shafi, riƙe fensir, kallon allo, mayar da ido kan takarda. Malamin kirki yakan rarraba su, ya koyar da ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya kama hannun yaro, daga baya ya nuna da yatsa kawai, daga ƙarshe ya janye gaba ɗaya. Duk matakin da yaro ya ci, a yaba masa a lokacin, a kuma faɗi abin da aka yaba: "Madalla, ka buɗe shafin."

Wannan dabara ta fito ne daga fannin nazarin ɗabi'a, wanda binciken Ivar Lovaas na 1987 a Los Angeles ya shahara da shi. Sai dai akwai gargaɗi. Manya da dama masu galahanga sun koka cewa an yi amfani da irin wannan horo wajen tilasta musu kallon cikin ido ko hana su kaɗa hannu, abin da ke kwantar musu da hankali kuma ba ya cutar da kowa. Manufa ita ce yaro ya koyi abin da zai amfane shi, ba a mayar da shi kwafin sauran yara ba.

A shiga ta ƙofar abin da yake so

Yaronmu na yawo da murafen kwalaben lemo cike da aljihu, yana jera su layi-layi. An sha ƙwace su. Mu sai muka mayar da su kayan lissafi: murafe 3 a nan, 4 a can, nawa ke nan? A ranar muka fara jin ya ba da amsa da kansa, ba maimaicin tambaya ba.

Labarin Temple Grandin ya ƙarfafa mana gwiwa. An haife ta a Amurka a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara 3. A sakandare, malaminta na kimiyya William Carlock bai hana ta abin da ya ɗauke mata hankali ba, sai ya tura ta ta bincike shi a kimiyyance. Ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma hanyoyin bi da shanu da ta zana sun bazu a manyan mayankan Amurka.

A rage hayaniya, a miƙe zance

Ƙarar da ba ta dame ku ba, kamar ta janareta ko jan benci, tana iya zame masa kamar ana huda kunne. Idan abin ya yi yawa sai ya birkice: kuka, ihu, ko faɗuwa ƙasa. Wannan ba rigimar ganganci ba ce, kuma duka ƙara ta yake yi. Abin yi shi ne a rage surutu, a hana yara taruwa a kansa, a ba shi wuri mai shiru har ya dawo daidai. Mun matsar da shi daga bayan aji zuwa gefen gaba, nesa da taga, muka kuma nemi izinin shugaban makaranta ya riƙa fita gindin bishiya na minti biyar in ya ji ba daɗi.

Harshenmu cike yake da karin magana da habaici, su kuwa da yawansu yadda aka faɗi kalma haka suke ɗaukarta. Ka ce wa irin wannan yaro "ja bakinka", yana iya kama leɓensa ya ja. Gara a ce "yi shiru". A faɗi abin da ake so ya yi a gajeriyar jimla, sannan a dakata. Mu mukan ƙirga zuwa goma a zuci kafin mu maimaita. Domin koya masa zaman tare kuma, akwai dabarar gajerun labarai da wata malama, Carol Gray, ta ɓullo da ita a farkon shekarun 1990: a rubuta jimloli kaɗan da hotuna da ke bayyana abin da ke faruwa, misali yadda ake bin layi ko yadda ake gaida baƙo, a karanta tare kafin lokacin ya zo.

Ina naku aikin?

Malami ɗaya ba zai iya da yara 70 ba, balle ya ware wa ɗaya lokaci. Shi ya sa masana ke ɗaukar 'yan aji a matsayin ɓangare na koyarwar. Mun zaɓi yara biyu masu haƙuri muka nuna musu yadda katunan ke aiki. Su ke tuna masa ya duba jadawali, su ke jan shi wasa. Da sauran yara suka ga haka, dariyar ta ragu.

Ku ma za ku iya. In kuna da irinsa a aji, ku kira sunansa kafin ku yi masa magana. Kada ku taɓa shi ba zato. Ku gayyace shi wasa, in ya ƙi kada ku yi fushi, ku sake gobe. Ku daina kiransa "gaula" ko "mahaukaci", ku kuma hana mai kira. In ƙaninku ne a gida, ku zana masa jadawalin safiya: wanka, sa kaya, karin kumallo, makaranta. In kun ga yaro ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalmomi, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira shi, ku shawarci iyaye su kai shi ga likitan yara. Fara taimako da wuri na da matuƙar amfani.

Karatunsa kuma ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin neman ilimi ba tare da wariya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwararrun malamai. Masu shirin cike JAMB, ku sani ana karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Ibadan, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo.

Ranar da muka yi sallama, yaron bai daina toshe kunne ba, kuma har yanzu ba ya kallon mutum cikin ido. Amma yana miƙa katin banɗaki maimakon ya jiƙa wando, yana ƙirga murafensa har 20, yana kuma wuni a aji ba kuka a mafi yawan ranaku. Mahaifiyarsa ta ce za ta bar shi ya ƙara zango ɗaya ta gani. Mun miƙa gwangwanin katunan ga malamar ajin, muka roƙi abokan nan nasa biyu kada su bari a jefar. Ko zai kai aji huɗu, yanzu ya rage ga waɗanda ke zaune kusa da shi.