NA'URAR GPS TA HANNU: WACCE TA DACE DA FALKEN SHANU?

Tun da muka fara ba yaranmu masu kora shanu na'urar nan ta GPS, 'yan'uwa da dama ke tare mu a kara suna tambaya: shin wayar hannu ba ta isa ba? In kuwa za a saya, wacce za a saya? To, ga abin da muka gani da idonmu.

Dalilin sayenmu shi ne wata hasara da muka yi daminar bara waccan. Mun sayi shanu 38 wajen Gushegu, yara uku suka koro su za su Yendi inda lori ke jira. Ruwa ya yi ƙarfi, rafuka suka kawo, suka baude daga burtali suna neman mahayi. Da suka sami sabis suka bugo, wai suna gindin wata babbar kuka kusa da fadama. Kuka nawa ce tsakanin Gushegu da Yendi? Kwana biyu muna bilinbituwa bisa babur. Kafin mu iske su saniya biyu sun ɓace, wani manomi kuma ya kai ƙara wai garkenmu ya shiga masa doya. Yara sun rantse ba su bi ta nan ba, amma ba mu da shaida, sai muka biya.

Ita wannan na'ura ba sihiri a cikinta. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, sama da 24, ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000, suna aiko da saƙo. In na'urar ta kama saƙon huɗu daga ciki, sai ta lissafa inda kake. Ba ta bukatar kati, ba ta bukatar sabis. A shekarar 1995 tsarin ya kammala, amma a lokacin da gangan ake rage wa farar hula daidaitonsa, har kuskuren yakan kai mita 100. A watan Mayun 2000 aka janye wannan, yanzu a fili kuskuren 'yan mitoci ne. Rasha na da nata, GLONASS, Turai na da Galileo. Na'urar da ke kama biyu ko uku daga cikinsu ta fi saurin gane wuri a cikin kurmi ko ƙarƙashin dutsen Nakpanduri.

Gaskiya ne wayar zamani ma na da GPS, da shi ne manhajar GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a 2017 ke ba kowane gida lambarsa. Mai ɗora shanu a lori daga Bawku zuwa Kumasi ko Tulaku ta Ashaiman, waya ta ishe shi. Amma wanda zai kwana biyar a daji, ina zai yi caji? Ga ruwa, ga ƙura, ga faɗuwa. Nan ne ta hannu ta sha gaban waya.

Abu na farko da za a duba shi ne batir. A nemi mai cin batir biyu na AA, irin na ƙaramar tocila, wanda ake samu a teburin kowane ƙauye. Cikin na kamfanin Garmin, eTrex 22x takan yi kamar awa 25 da batir biyu, eTrex SE kuwa kamfanin ya ce takan kai awa 168, watau mako guda cur, sai dai allonta baƙi da fari ne, ba ta da cikakkiyar taswira. Mu wannan bai dame mu ba, don burtali da mashaya ba su cikin taswirar Bature. Kai ne za ka bi su da ƙafa, na'urar ta rubuta.

Na biyu, ruwa. A duba ko an rubuta IPX7, ma'anarsa za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Amma jure ruwa daban, tasowa bisa ruwa daban. Masu haye kogin Daka ko Oti da kwale-kwale, da masu fito daga Makango zuwa Yeji, su sani eTrex in ta faɗa tafkin Volta ta tafi ke nan. GPSMAP 79s ita ce ke tasowa, don masu jirgin ruwa aka yi ta. Wanda bai iya kuɗinta ba, ya ɗaura wa tasa igiya a wuya. Kana a tuna, tun da madatsar Akosombo ta tare ruwa a 1965 akwai kututtura birjik a ƙarƙashin tafkin, na'ura kuwa ba ta ganinsu. In hazo ya rufe za ta nuna maka inda gaɓa take, amma hanyar bi sai mai fito.

Na uku, a ɗauki mai maɓallai, kada a ɗauki mai allon shafawa. Hannun da ya jiƙe ko ya taɓa kashin shanu ba ya shafa allo. Na huɗu, kamfas. eTrex 32x na da kamfas da ke aiki ko kana tsaye, 22x kuwa sai kana tafiya take gane inda ka dosa. Mai kamfas takan taimaka wajen alƙibla ran da hadari ya rufe rana.

Akwai kuma masu aika saƙo ta tauraro inda babu sabis, irin su inReach. Suna da amfani, amma sai an riƙa biyan kuɗin rajista. Mai garke ɗaya ba lalle ya bukace ta ba.

Yanzu ga gargaɗin da ya shafe mu mu kaɗai. Layin nan na Girinwic da ya raba duniya gabas da yamma ya ratsa ƙasarmu, ya bi ta Yendi ya faɗa teku a Tema. Saboda haka Salaga da Bawku suna yamma da shi, na'ura na sa musu harafin W, Bimbilla da Saboba kuwa suna gabas, harafinsu E. Digiri guda ya kai kilomita 110. In yaro ya karanto lambar Salaga ya ce E maimakon W, ya tura ka fiye da kilomita 100 gabas. In ta Bawku ce, ya fitar da kai daga Ghana ɗungurungum. Don haka a koya wa yara su faɗi harafin kafin lamba, mai karɓa kuma ya maimaita.

Yadda muke yi yanzu, kowane zango, kowace mashaya da mahayi, ana ajiye lambarsa a na'ura, a kuma kwafe a littafi. Ana barinta a kunne tun daga tashi har sauka, don ta rubuta sawun garke da ranarsa da lokacinsa. Bana an sake kai mu gaban wani sarkin gari kan ɓarnar gona. Muka buɗe sawu, aka ga garkenmu ya wuce nesa da gonar, magana ta mutu. Amma fa a sani, ran da shanunka suka shiga, ita ce za ta fara ba da shaida a kanka, sai ka biya mai gona hakkinsa.

A riƙe rasit don jami'an tsaro, musamman a shingayen Bawku da bakin iyaka. Masu ƙetaro garke daga Burkina Faso ko Togo kada su zaci ta maye takardar likitan dabbobi, ko takardar ƙetare ta ECOWAS da aka amince da ita a 1998. Kada kuma a ba kowa lambar zango, ɓarayin shanu ma sun iya karatu.

Kakanninmu sun zo Salaga fataucin goro daga Kano da madugu da jagaba, ba su ɓata ba, domin matambayi ba ya ɓata. Na'ura ba ta san rafin da ya kawo jiya ba, ba ta san garin da ake rikici ba. A saye ta, kuɗinta bai kai na bijimi guda ba, amma a ci gaba da yi wa mutanen gari sallama ana tambaya. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya kawo kasuwa mai albarka, amin.