Gwajin Jinin Da Zai Iya Tona Raunin Ƙwaƙwalwar Jariri Bayan Tiyatar Zuciya

A cikin kowane jarirai 100 da aka haifa, ana samun kusan ɗaya mai nakasar zuciya, wasunsu kuma sai an yi musu tiyata tun a makonnin farko. A manyan asibitocin yara mafi yawansu suna tsallake tiyatar yanzu. Abin da ya rage yana damun likitoci shi ne ƙwaƙwalwa. Yaro zai warke sumul, amma daga baya a ga ya yi jinkirin tafiya ko magana, ko kuma sai ya shiga makaranta a lura karatu yana yi masa nauyi.

Daga ina matsalar take? Yayin tiyata ana haɗa jaririn da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, irin wadda John Gibbon ya fara amfani da ita cikin nasara a Amurka a 1953. A wasu ayyukan ana sanyaya jikin zuwa kusan digiri 18, a tsayar da gudun jini na ɗan lokaci. Ƙarancin iskar oksijin, ɗan gudan jini ko kumfar iska duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Hotunan MRI ma sun nuna wasu jariran suna da raunin tun kafin a sa musu wuƙa.

Gane wannan a kan lokaci ba wasa ba ne. Jaririn yana kwance cikin maganin barci, bututu ta ko'ina. Kai shi ɗakin MRI a wannan hali haɗari ne, hoton da ake ɗauka ta maɗiga kuma ba ya kama ƙananan raunuka. Shi ya sa aka koma kan jini. Idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka ji ciwo, furotin da ke cikinsu yakan zuba ya shiga jini, a iya auna shi.

Daga cikin waɗanda aka fara gwadawa akwai S100B da NSE, kuma duka biyun sun ba masu bincike wahala. S100B yana cikin ƙwaƙwalwa, amma akwai shi a kitse ma. Da an buɗe ƙirji, jinin da ake zuƙewa daga wurin yankan a mayar jiki yakan ɗaga yawansa alhali ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Ga wani abin lura: ƙwayar gadon da ke samar da shi tana kan kromosom na 21, don haka yara masu lalurar Down, waɗanda da yawansu ke da nakasar zuciya, nasu yakan fi yawa tun asali. NSE kuwa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, na'urar zuciya da huhu kuma tana farfasa su. Ka ga ke nan sakamako zai iya hawa ba don ƙwaƙwalwa ba.

Don haka ido ya koma kan GFAP, wanda kusan duk daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa yake fitowa, da kuma NfL, wanda ke fita idan zaren jijiya ya lalace. GFAP yakan tashi cikin sa'o'i, NfL kuwa a hankali, cikin kwanaki.

A nan fasaha ta shigo. Yawan waɗannan sinadarai a jini ƙanƙane ne ƙwarai, ana lissafa shi da fikogiram a kowace mililita. Fasahar Simoa ta kamfanin Quanterix tana kama furotin a kan 'yan mitsi-mitsin duwatsu masu maganaɗisu, ta zuba su cikin dubban ƙananan ramuka, sannan kyamara ta ƙirga ramukan da suka yi haske. Ɗan jini kaɗan ya isa, abin da ke da muhimmanci ga jaririn da duk jinin jikinsa bai kai cikin kwalbar lemo ɗaya ba. A ɓangaren manya an riga an yi nisa: a 2018 hukumar FDA ta Amurka ta amince da gwajin GFAP da UCH-L1 ga waɗanda suka bugu a kai, a 2021 kuma Abbott ta samu izinin na'urarta ta hannu, i-STAT, mai ba da sakamako cikin minti 15.

Sai dai jariri ba ƙaramin babba ba ne. Ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa, yawan sinadaran yana sauyawa da shekaru, don haka ma'aunin manya ba zai yi masa aiki ba. Kafin a ce lamba kaza tana nufin haɗari, sai an bi yaran shekaru ana gwada tafiyarsu da maganarsu da karatunsu, kamar yadda likitocin Boston suka bi jariran da aka yi wa tiyata daga 1988 zuwa 1992 har suka kai shekara 16. A ganina amfanin farko na gwajin shi ne tantancewa: wane jariri za a gaggauta yi wa MRI, wanne za a saka wa na'urar EEG don kama farfaɗiyar da ido ba ya gani, wanne kuma za a fara yi wa gashin ƙashi da koyon magana tun kafin iyaye su ga alama.