Ina Magadan Malam Muhammadu Gwarzo?

Duk wanda ya shiga mota a Kano ya nufi yamma ta Titin Gwarzo, zai bar sabon mazaunin Jami'ar Bayero a baya, ya ratsa Rimin Gado, ya keta ƙasar Kabo, kana ya sauka Gwarzo bayan tafiyar kimanin kilomita 70. Tafiya ce wadda ba ta kai a yi mata guzuri ba. Amma ga yarinyar da ta cika littafin rubutu biyu ko uku da labarin da ta ƙaga, tana neman wanda zai duba ya ce mata ga daidai ga kuskure, wannan 'yar tafiya takan zama tamkar hajjin ƙafa. Dalili kuwa shi ne marubuta suna birni, maɗaba'a tana birni, 'yan kasuwar littafi suna birni, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata ƙofar da ake bi a shiga cikinsu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Gwarzo ba baƙuwa ba ce a tarihin rubutun Hausa. A shekarar 1933, Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, domin a sami abin da 'yan makaranta za su karanta da harshensu. Aikin bai zo masa da sauƙi ba, domin a wancan zamani malami yana ganin tatsuniya abin mata da yara ce, ba abin da za a ɓata tawada a kansa ba. Duk da haka aka yi gasar, aka fitar da littattafai biyar waɗanda aka fara bugawa daga shekarar 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, sai Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, labarin wani ɓarawo da abokan sana'arsa. Wato dai a cikin tubala biyar da aka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa a kansu, ɗaya daga yammacin Kano aka kawo shi.

Dukkan waɗannan mutane sababbin shiga ne, babu wanda ya taɓa wallafa irin wannan littafi kafin nan. Abubakar Imam kansa saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. To, a nan akwai abin lura. Daga cikin su biyar, wanda ya fi nisa a fagen alƙalami shi ne wanda ya koma Zariya ya zauna kusa da East, yana rubutawa ana gyara masa, ana gardama a kan kalma da jimla, har aka sami Magana Jari Ce, kuma a shekarar 1939 ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tafawa Ɓalewa siyasa ta ja shi. Malam Muhammadu Gwarzo kuwa, Idon Matambayi shi ne littafin da aka san shi da shi har gobe. Ba wai muna cewa Imam ya fi su basira don ya zauna Zariya ba ne. Abin da muke cewa shi ne basira irin shuka ce, tana son mai yi mata ban-ruwa da noma, kuma a cikin abokan sana'a ake samun wannan.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai tarihi ya sake maimaita kansa ta wata fuska. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban masu iya karatun Hausa, amma da tattalin arzikin ƙasa ya tabarbare a tsakiyar shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga littattafan hira. Maimakon matasan Kano su zauna jiran tsammani, sai suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. Sunan na farkon ma daga karin maganar nan aka ɗauko shi, wato raina kama ka ga gayya, kuma ya dace da su. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tun tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ta zo ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. Malam Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma ta ajin manya ya biyo, kuma littafinsa In Da So Da Ƙauna na 1991 ya shiga kusan kowane lungu na ƙasar Hausa. Babu digiri a hannunsu lokacin da suka fara. Abin da ke hannunsu shi ne junansu: wannan ya karanta rubutun wancan, wancan ya nuna masa maɗaba'a mai rangwame, a bayan littafin kowa kuma a jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya, ta yadda wanda ya sayi ɗaya zai nemi saura.

An soki waɗannan littattafai ƙwarai. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu suna cikin masu kare su. A shekarar 2007 ma har an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano, kuma daga baya Hukumar Tace Finafinai ta Jiha ta nemi marubuta su yi rajista da ita. A irin wannan rana marubucin da ke da ƙungiya yana da bakin da zai yi magana a madadinsa. Wanda ke zaune shi kaɗai a ƙauye kuwa, sai dai ya mai da rubutunsa cikin akwati.

To, yaya sabon marubuci daga Getso ko Kutama, ko daga Garo a ƙasar Kabo, zai shiga wannan zaure a yau? Ƙofofi suna nan. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, tana da reshe a Kano, kuma reshen ya daɗe da al'adar zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a gaban 'yan'uwansa su yi masa sharhi. Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyi masu yawa, wasu na mata zalla. Sai dai sanin ƙofa daban, sanin ladabin shiga daban, kuma a nan ne yawancin sababbi ke tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zo zaman farko ɗauke da labari mai shafi ɗari biyu, yana son a saurare shi a ranar, a yaba masa, a kuma nuna masa wanda zai buga. Baƙon da ya shiga gida bai gama sallama ba ya fara tambayar tukunya, ai ba a sake marmarin zuwansa. Abin da ya fi shi ne ya zo sau biyu ko uku yana saurare kawai, ya gane wane ne mai ido a kan ƙa'idar rubutu, wane ne gwanin tsara labari, wane ne kuma mai yawan magana ba tare da amfani ba (ba a rasa irinsa a kowane taro). Ya sayi littattafan waɗanda ya tarar ya karanta, domin babu abin da ke buɗe zuciyar marubuci kamar ya ji baƙo ya kawo masa zancen wani babi na littafinsa. In ana karo-karo ya bayar da nasa, in ana jera kujeru ya sa hannu. Ranar da aka ba shi dama kuwa, ya karanta shafi uku ko huɗu da ya wanke sosai, ya yi shiru ya rubuta abin da aka ce, ko da ransa na suya.

Wannan batu na gyara shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma ya kamata mu tsaya a kansa. Yawancin matasanmu yanzu a wayar hannu suke rubutu, su raba wa masu karatu shafi-shafi, kafin gari ya waye an yi musu ruwan yabo. Wayar ta rage musu kuɗin mota, ta kuma ba matan aure da ke cikin gida damar da iyayensu ba su samu ba, wannan gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne. Amma mai karatun da ke ɗokin jin yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida ba zai tsaya ya ce maka ka rubuta baki alhali baƙi kake nufi ba, ko ka rubuta kafa a wurin ƙafa. Ba zai gaya maka cewa a kan tebur rabawa ake yi, akan yi kuwa haɗewa ake yi ba. Ba zai lura da cewa yaron da ka kashe a babi na uku ya dawo yana cin tuwo a babi na tara ba. Waɗannan ƙa'idoji ba wani ne ya ƙaga su jiya don ya wahalar da mutane ba. Tun zamanin Hukumar Harshen Hausa ta shekarun 1950 ake tankaɗe da rairaya a kansu, aka zauna a Bamako a 1966, aka kuma zauna a Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wanda ya shiga cikin marubuta na gaske, a wata uku zai tsinci abin da zai shekara biyar bai gano shi kaɗai ba.

Kuma gyaran yana biya. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata, ta nuna haka. Wadda ta fara lashe ta, Aisha Muhammad Sabitu, da labarinta Sansanin 'Yan Gudun Hijira, daga Jihar Katsina ta fito. Alƙalan irin wannan gasa ba sa tambayar garin da mai rubutu take. Takarda suke dubawa, kuma labarin da aka cika da kurakuran rubutu tun a zagayen farko yake faɗuwa, komai daɗin zancensa.

Sai dai kada a ce laifin duk na baƙo ne. Su ma 'yan gida suna da nasu. Akwai zaurukan da suka zama majalisar abokai, inda in ba a san ka ba sai a bar ka a kujerar baya har a tashi, musamman in an ji harshenka da ɗan kaurin ƙauye. Wannan hasara ce ga adabin kansa, domin wanda ya tashi a Gwarzo ko Kabo yana ɗauke da Hausar gona da ta kasuwar ƙauye da ta zaman makoki da biki, wadda yaron da ya girma a gaban talabijin a birni bai taɓa ji ba. Littattafanmu sun cika da gidajen bene da motoci, alhali rayuwar manomi da ta malamin firamare da ta mai tallan fura ba ta sami mai rubuta ta ba. Akwai kuma waɗanda ke fakewa da sunan taimako su karɓi kuɗin sabon marubuci, ko ma su karɓi rubutun nasa ya ɓace, bayan shekara ya gan shi da wani suna. Saboda haka duk mai shiga ya riƙe wannan da kyau: kada ya ba kowa kofen da ba shi da na biyunsa, ya rubuta kwanan wata a kan aikinsa, ya bari mutum biyu ko uku amintattu su san da shi, in kuma maganar kuɗi ta shigo tsakaninsa da mai maɗaba'a ko ɗan kasuwa, a rubuta a sa hannu a gaban shaidu. Kunya ba ta da wuri a nan.

Daga ƙarshe muna da magana da ma'aikatanmu da ɗalibanmu na wannan yanki, domin su ne ke da abin yi a hannu. Ba dole ne kowa ya tafi Kano ba. A makarantun sakandare na Gwarzo da Kabo akwai malaman Hausa, kuma a kowane ƙarshen mako azuzuwa a rufe suke babu kowa. Me zai hana Sashen Ilmi na Ƙaramar Hukuma ya ba da aji ɗaya ranar Asabar ɗaya a wata, malamai biyu su shugabanci zaman, a ware wa mata nasu lokaci da rana yadda iyaye da mazaje za su amince? Ɗaliban Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero 'yan asalin yankin, waɗanda wannan titi ne hanyarsu ta zuwa gida, za su iya kawo littafin ƙa'idojin rubutu su koyar da abin da aka koya musu. Sau ɗaya a wata uku a gayyato wani marubuci daga birni, a biya masa kuɗin mota, ya zo ya saurari yara. Abin da za a kashe bai kai na walimar ƙarin girma guda ɗaya ba.

A zaman farko kuwa ba sai an wahala wajen neman abin karantawa ba. A ɗora Idon Matambayi a kan tebur, a karanta babi ɗaya da babbar murya, a bar yara su faɗi inda ya burge su da inda suke ganin da su ne da sun sauya. Wanda duk ke da tsohon kofe a cikin akwatin mahaifinsa, ya kakkaɓe ƙurar ya taho da shi.