Ɗan Gari ko Baƙo: Wa Ke Sanye da Kakin Tsaro a Yammacin Zamfara?

Wata ranar Juma'a a farkon watan Satumban 2022, 'yan bindiga suka shiga masallacin Juma'a na garin Zugu da bindigogi ɓoye cikin riguna, suka tasa ƙeyar gomman masallata zuwa daji. Watanni takwas kafin nan, a Janairu, an kwashe kwanaki ana karkashe mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jihar ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai wajen 200.

Duk sanda irin wannan ta faru, abin da ake fara tambaya shi ne: ina jami'an tsaro? Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke damun manomin Gummi da makiyayin dajin Anka. Su wane ne jami'an? Daga ina aka ɗebo su, wane harshe suke ji, kuma kukan wa suke saurare?

Tambayar ta girmi Nijeriya kanta. Bayan Turawan Ingila sun kama Legas a 1861, ba 'yan gari suka ɗauka su tsare musu ita ba. Sun nemi masu jin Hausa, da yawansu bayi ne da suka tsere, suka ba su kaki da bindiga. Zuwa 1879 wannan runduna ta Hausawa ta kai mutum 1,200. Dabarar a fili take: baƙon da ba shi da dangi a gari ba ya jin nauyin kowa, umarni kawai yake bi. A 1930 aka haɗe rundunonin Kudu da Arewa suka zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya.

A Arewa kuwa, akasin haka aka yi. Sarakuna suna da dogarai, hukumomin En'e kuma suna da 'yan doka, duk 'yan ƙasa da suka san kowane lungu da kowane gida. Sanin ya yi amfani wajen kama ɓarawo, amma ya zama bulala a hannun masu mulki. A jamhuriya ta farko, 'yan jam'iyyar NEPU sun sha kamu da duka da ɗauri a hannun 'yan doka. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan dokan cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Yau sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar.

Don kada wani ɓangare ya mamaye rundunar, ana raba guraben kurata bisa jihohi da ƙananan hukumomi 774, ƙarƙashin ƙa'idar raba-daidai da ke sashe na 14. A takarda, Anka da Gummi da Bukkuyum kowacce na da kasonta. Sai dai ƙa'idar taswira take gani, ba mutane ba. Ba ta bambanta ɗan cikin gari da ɗan ƙauye, balle ɗan ruga. Mai neman aikin kurtu sai ya kasance tsakanin shekara 18 da 25, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da lambar zama ɗan ƙasa, sannan ya cike fom ta intanet ya zauna jarrabawa a kwamfuta. Yaron da ya tashi bayan shanu a dajin Bagega, ko wanda makarantar ƙauyensu ta rufe saboda hare-hare, ya faɗi tun kafin a fara. Wanda ya samu kuma ana iya tura shi ko'ina a ƙasar, a kawo wani daga nesa ya maye gurbinsa.

A kantar caji ofis ake ganin sakamakon. Shanu sun yi ɓarna a gona, an kawo manomi da makiyayi. Manomin ya zo da mai unguwa ko ɗan'uwansa ma'aikacin ƙaramar hukuma. Makiyayin Hausarsa ba ta nuna sosai ba, kofur ɗin da ke rubuta bayani ba ya jin Fulatanci, wani lokaci ma Hausar da ƙyar yake haɗa ta. Da Turanci ake rubuta bayanin, a miƙo masa ya dangwala yatsa kan abin da bai iya karantawa ba. A jikin bango an rubuta cewa beli kyauta ne, amma kowa ya san mai garke na iya sayar da sa, don haka kuɗinsa ya fi na kowa. Masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna da 'yan bindigar ya ji ta bakinsu, sun nuna cewa tatsar makiyaya a hannun jami'an tsaro da alƙalai da masu sarauta na cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin Zamfara.

Manomi ma yana da nasa kukan. Ya kai rahoton ɓarayin shanu, gobe ya gan su a kasuwa an sake su, ya koma gida yana jiran ramuwa. Da kowane ɓangare ya yanke ƙauna daga caji ofis, sai kowa ya nemi nasa. Ƙauyuka suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai, waɗanda kusan dukkansu Hausawa ne, kuma aka riƙa zarginsu da yi wa Fulani kuɗin goro, har da kisa a bainar jama'a ranar kasuwa. 'Yan bindiga su ma suka riƙa ƙone gari sukutum saboda ɗan sa-kai ɗaya. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar, ɗan asalin jihar, ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019. Rahoton ya zargi sarakuna biyar da hakimai 33 da hannu a lamarin, ya kuma ambaci wasu jami'an tsaro.

Akwai wani gibin da ba a cika magana a kansa ba: mata. Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya, amma tsofaffin ƙa'idojin rundunar sun ce sai mace ta nemi izini kafin ta yi aure, kuma a kori wadda ta yi ciki ba aure, hukuncin da bai hau kan namiji ba. Kotuna sun soke waɗannan ƙa'idoji daga baya. A yankin da matan da aka sace ke dawowa daga daji da labarin da ba za su iya faɗa wa namiji baƙo ba, ƙarancin 'yan sanda mata masu jin Hausa da Fulatanci na nufin laifuka da yawa ba sa shiga takarda ko kaɗan.

Wasu ƙasashe sun tunkari irin wannan matsala kai tsaye. A Ailan ta Arewa, mabiya ɗariƙar Katolika sun haura kashi 40 cikin 100 na jama'a, amma a da wajen kashi 8 ne kawai a rundunar 'yan sanda. Bayan rahoton kwamitin Patten na 1999 aka sake wa rundunar suna da fasali a 2001, aka ce rabin sababbin kurata su zama Katolika. Kafin a daina tsarin a 2011, sun kai kusan kashi 30. Ba ɗaukar aiki kaɗai aka gyara ba, an kafa ofishi mai zaman kansa da ke binciken koken jama'a a kan 'yan sanda.

Zamfara ta koma gwada ɗan gari. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa sama da 2,600 daga ƙananan hukumomi 14, watanni kaɗan bayan Katsina ta kafa tata rundunar. Askarawa sun san hanyoyin daji da fuskokin masu kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma da yawansu sun rasa rayukansu suna kare garuruwansu. Amma an riƙa jin koken kamu da kisa ba tare da shari'a ba, musamman daga ɓangaren makiyaya.

Tun Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi, abin da ke buƙatar gyaran sashe na 214. Idan aka yi, majalisar dokokin da ke Gusau za ta fuskanci tambayoyin da En'e ba ta amsa ba: ko arɗo zai sa baki wajen tantance kurata kamar yadda hakimi zai sa, guraben mata nawa za a ware, wane harshe za a rubuta bayanin wanda ake tuhuma da shi, kuma wane ofishi ne, wanda ba ya ƙarƙashin gwamna ko kwamishina, mutumin Gummi ko na Bukkuyum zai kai ƙarar jami'in da ya zalunce shi.