Takardar Neman Aiki da Darasin Kwaɗo da Mabuɗi

Duk ɗalibin da ya karanta darasin narkewar abinci ya san cewa a cikin yawun bakinmu akwai wani sinadari mai suna amiles, wanda aikinsa shi ne farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Shi ya sa idan mutum ya daɗe yana tauna gurasa yakan ji ɗan zaƙi-zaƙi. Amma da za a ba wannan sinadari tsokar nama, ba abin da zai iya yi mata, sai ta isa tumbi inda wani sinadarin daban, wato fefsin, yake jiranta. A shekarar 1894 wani masani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta wannan hali da kwaɗo da mabuɗi, kwaɗon ƙofa fa, ba na tafki ba. Kowane kwaɗo da mabuɗinsa.

Haka sha'anin neman aiki yake. Gurbin aiki kwaɗo ne, takardar mai nema kuwa mabuɗi. A ganina, abin da ya fi kayar da matasanmu shi ne yanka mabuɗi guda ɗaya, a buga shi kofi hamsin, a bi ofis-ofis ana zura shi a kowace ƙofa.

Takardu biyu ake bukata. Ta farko ita ce takardar tarihin kai, wadda aka fi sani da CV, daga kalmomin Latin masu nufin tafarkin rayuwa. Tsarinta ba wuya: suna da adireshi da lambar waya da imel, sai makarantu, a fara da ta baya-bayan nan, sai ayyukan da aka taɓa yi, sannan mutanen da za su ba da shaida. Shafi ɗaya ya ishi wanda ya gama sakandare. A rubuta sakamakon WAEC ko NECO da shekararsa. Wanda ya gama jami'a a Nijeriya ya ambaci takardar NYSC, shirin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973, ko takardar da ta ɗauke masa yin hidimar. Mai neman koyarwa kuma kada ya manta da rajistarsa ta hukumar TRCN.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen bayanin abin da mutum ya iya. Mu dubi waɗannan jimloli biyu. Wani ya rubuta: "Ni mutum ne haziƙi, mai ƙwazo, mai aiki ba dare ba rana." Wani kuma ya ce: "A wata shida da na yi ina koyon aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, na iya shafa jini a gilashi, in rina shi da rinin Giemsa, in gano ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a madubin ƙara girma." Jimla ta farko kowa na iya rubuta ta, har da malalaci, kuma babu hanyar auna ta. Ta biyu kuwa ana iya jarraba ta nan take: ga gilashi, ga madubi, bismilla. A fagen kimiyya, zancen da ba a iya gwadawa ba shi da nauyi, kuma mai ɗaukar ma'aikata ma da wannan idon yake karatu.

Na san tarbiyyarmu ta kunya takan sa ɗalibi ya noƙe a nan, domin an ce yabon kai jahilci. Gaskiya ne, amma jimla ta farko ce yabon kai. Ta biyu rahoto ne kurum, kamar yadda ake rubuta sakamakon gwaji a littafin aji.

Ɗan sakandare zai ce shi ai bai taɓa aiki ba. Ya taɓa, bai dai rubuta ba ne. Aikin ƙungiyar JETS, da kiwon kaji ko renon tsirrai a gonar makaranta, da riƙe littafin lissafin shagon mahaifi a lokacin hutu, duk abin ambato ne, muddin an faɗi abin da aka yi da yawansa da tsawon lokacinsa. Kira na ga malamai shi ne su saba wa ɗalibai ajiye ɗan littafin da za su riƙa rubuta irin waɗannan abubuwa da kwanan watansu, don bayan shekara biyar ƙwaƙwalwa ba za ta dawo da su daidai ba.

Takarda ta biyu ita ce wasiƙa, kuma a nan ake fiƙe haƙoran mabuɗi. Kada ta wuce shafi ɗaya. A faɗi aikin da ake nema da inda aka ga sanarwarsa, sannan a zaɓo abu biyu ko uku daga tarihin kai waɗanda suka amsa bukatar da sanarwar ta bayyana. Alal misali, wanda ya karanta ilimin halittu, in makaranta ya nufa, sai ya gabatar da azuzuwan da ya koyar. In gonar kifi ce, sai ya sa aikin binciken da ya yi kan tarwaɗa a gaba. In kuwa hukumar ruwa ce, sai ya nuna ya iya gwajin ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Mutum ɗaya ne, tarihi ɗaya, wasiƙa uku. Wasiƙar roƙo, wadda ke jero talauci da yawan iyali, takan jawo tausayi, amma wanda ke karanta ta yana da aikin da yake so a yi masa ne.

Har ila yau, manyan kamfanoni da dama kan sa kwamfuta ta fara tace takardun da aka turo ta intanet, tana laluben kalmomin da ke cikin sanarwa. Saboda haka a yi amfani da kalmomin sanarwar a inda suka dace da gaskiyar mutum, a kuma sa cikakken suna a kan fayil ɗin da aka tura.

Rage shekaru da ƙara maki kuwa ganganci ne, domin takardu suna yi wa juna shaida: shekarar gama firamare kaɗai ta isa ta tona ranar haihuwar da aka taɓa. Haka nan kada a sa sunan malami a matsayin mai ba da shaida sai an nemi izininsa, an kuma ba shi kofin takardun, don kada a kira shi ya tsaya yana tambayar wane ne wannan.