Kula da Masu Ciwon Zuciya Daga Nesa a Lokacin Annoba: Nazari Daga Ƙetaren Kogin Kaduna

A ƙarshen watan Maris na 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita saboda annobar korona, ba a kuwa janye ta ba sai cikin watan Yuni. Ga mai lafiya, dokar takura ce kawai. Amma ga mai ciwon zuciya da ke zaune a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, al'amarin ya wuce haka, domin shi ne ya fi kowa bukatar ganin likita a kai a kai, shi ne kuma cutar ta fi yi wa illa idan ta kama shi. Ko da ya samu hanyar zuwa Asibitin Gwamna Awan, ko ya haye gada zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, layin jiran likita kansa wurin ɗaukar cuta ne. Tambayar da ta taso ita ce: ta yaya likita zai san halin zuciyar da ba ta gabansa?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1949 wani masani a Amurka, Norman Holter, ya ƙera na'urar da ke aika bugun zuciya ta iska, sai dai nauyinta ya kusa kilo 40, goya ta ake yi. Yau ta koma ɗan abin liƙawa a ƙirji, ko agogon hannu irin Apple Watch, wanda tun 2018 yake iya zana motsin lantarkin zuciya. Zuciya tana fitar da ɗan lantarki a kowane bugu. Na'urar tana karanta shi ta fata, ta miƙa wa wayar hannu, wayar ta aika wa asibiti. Da haka ake gane bugun da ya rikice, wanda kan haifar da gudan jini har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Akwai kuma ɗan matsin da ake sa wa yatsa, wanda ke haska fata ya auna iskar da ke cikin jini. Ingila ta raba shi ga marasa lafiya a gidajensu daga ƙarshen 2020, saboda korona kan rage iskar jini tun mutum bai fara haki ba. A nan ne ya kamata a yi hattara. Binciken da aka buga daga Jami'ar Michigan a Disamba 2020 ya nuna cewa na'urar takan kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Wato tana iya kwantar wa Bakano ko Bagwari hankali alhali yana cikin haɗari. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, musamman ga ma'aikacin gwamnati da za a ɗora wa alhakin sayo kayan asibiti.

Bugu da ƙari, ciwon zuciyarmu ba irin na Turai ba ne dukkansa. Hawan jini ne kan gaba. Sa'an nan akwai kasawar zuciyar mai jego, wadda likitoci Davidson da Parry suka yi nazarinta a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta yawanta da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Irin waɗannan marasa lafiya, abin da ke fara bayyana a gare su shi ne taruwar ruwa a jiki, agogo kuwa ba ya ganin wannan. Sikeli ke gani. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, tare da kumburin ƙafa, ya isa a kira likita. Sikeli da na'urar awon hawan jini da wayar da ke aika saƙo sun fi agogon mai tsada amfani ga mai jego a Makera, ga su kuma ba sa jiran wutar lantarki kowane dare.

Wahalar da ta rage tana can ɗaya ƙarshen. Na'ura aikawa kawai take yi, ba ta duba kowa. Idan alƙaluman suka iso da ƙarfe biyun dare, dole a samu ma'aikaciyar jinya da aka ɗauka domin karanta su, wadda ke da ikon cewa a ƙara maganin fitar da ruwa, ko a kawo mutum nan take, da kuma motar da za a bari ta wuce shingen 'yan sanda.